Kafin A Buɗe Rumbu Domin Karatun Kwamfuta

'Yan'uwa manoma, da kaka ta yi sai ku ga samari da 'yan mata suna dawowa daga gari riƙe da takardun tallar makarantu. Da yawa cikin takardun nan suna kira a zo a koyi aikin injiniyan kwamfuta cikin 'yan watanni a karɓi satifiket. Yaro ya matsa, uba ya dubi rumbu, uwa ta dubi awakinta. Waɗansu kuma sukan kawo maganar gaban kwamitin ƙungiyar gama kai su nemi rance. Tun da yake da guminmu za a biya, ya kamata mu san irin takardar da yaron zai kawo gida.

Takardun nan ba ɗaya ba ne. Akwai difloma ta ƙasa, watau ND, wadda ake yi shekara 2 a kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna ko ta Bauchi ko ta Barikin Ladi. Galibi ana shiga ta hanyar jarrabawar JAMB, da kiredit na sakandare, har da lissafi. Wanda ya gama ya yi shekara 1 yana aikin koyo, yana iya komawa ya ƙara shekara 2 ya sami babbar difloma, watau HND. Sai mai HND ko digiri ne yake tafiya bautar ƙasa. Gajeren kwas na satifiket kuwa wani abu ne dabam. Galibi daga wata 3 ne zuwa shekara 1, ba a bukatar JAMB, kuma ko da a cikin harabar kwaleji aka yi shi, ba ya zama ND. Ba ya kai mutum bautar ƙasa, ba ya mai da shi injiniya. Kalmar difloma da kuke gani a allon wani shago a bakin tasha kada ta ruɗe ku, gama kowa yana iya sa mai fenti ya rubuta ta.

Ba ina kushe gajeren kwas ba ne. In an same shi mai kyau, sana'a ce ta hannu, kamar ta bakanike ko kafinta, kuma ga yaron da bai sami kiredit ɗinsa ba ko iyayensa ba su da ƙarfin shekara 5, ina ganin hanya ce mai kyau. Abin lura shi ne a rarrabe tsakanin koyon aiki da kwamfuta da koyon gyaranta. Na farko shi ne buga wasiƙa da jera lissafi da Word da Excel. Yana da amfani ga magatakarda, amma ba shi ake nufi da fasahar injiniya ba.

Mai koyon gyara da wuta yake farawa. Wutar da take shigowa gida tana da ƙarfin wajen bolt 230, amma kayan cikin kwamfuta bolt 12 da 5 da 3.3 suke sha. Akwai akwatin da yake rage wutar, kuma sau da yawa shi ne yake fara ƙonewa idan janareta ya yi hauka ko tsawa ta bi waya da damina. Yaron da aka koya wa da kyau zai ɗauki mitar gwajin wuta ya auna kafin ya ce a sayi sabon abu. Zai san babban allon ciki, wanda masu gyara suke kira bod, da ƙwaƙwalwar da take riƙe aiki muddin akwai wuta, da faifan da yake ajiye bayanai ko an kashe. Zai iya liƙi da dalma, ya sa Windows sabo, ya haɗa kwamfuta da firinta, ya ja waya tsakanin ofis da ofis. Zai kuma san abin da kowane ɗan ƙauye ya kamata ya sani: ƙurar hunturu takan toshe fanka, injin ya yi zafi ya riƙa mutuwa da kansa, kuma maganin wannan buɗewa ne da sharewa, ba sayen wata kwamfuta ba. Duk waɗannan da hannu ake koyonsu. Wanda ya yi wata 6 yana kwafe abin da ke kan allo bai taɓa riƙe sukudireba ba, ya yi asarar wata 6.

Saboda haka kada a biya ko kwabo sai wani dattijo ko ɗan kwamiti ya taka ya je makarantar. Ya ce a nuna masa ɗakin aiki. Ya ƙirga kwamfutocin da ake barin ɗalibai su kwance, ya ƙirga ɗaliban. Ya tambaya ko akwai wuta a lokacin darasi. Ya tambaya wace hukuma ce za ta sa hannu a takardar. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta tana Kaduna, ita ce take duba kwalejojin fasaha, tana kuwa fitar da jerin makarantu da kwasa-kwasan da ta amince da su. Akwai kuma jarrabawar NABTEB ta sana'o'i, da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Makarantar da take shirya ɗalibanta su zauna ɗaya daga cikin waɗannan ta fi wadda shugabanta kaɗai yake buga hatimi. Mun ga iyalin da suka sayar da bijimin huɗa, aka ba ɗansu takarda mai ado, ya kai ta wurin neman aiki aka ce ba a san makarantar ba.

Sa'an nan sai batun bayan gamawa, wanda iyaye suka cika mantawa. Satifiket ba ya zuwa da kayan aiki. In ƙungiya za ta ba da rance, ta lissafta da kuɗin mita da ƙarfen liƙi da sukudireba tun farko, ta kuma bar wa yaron 'yan watanni ya zauna ƙarƙashin wani gwani, ko a garin da ke kusa ko a babbar kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano. A wurin gwani ne zai ga ɓarna iri iri da makaranta ba ta da lokacin nuna masa.

Kwamfuta ba ta da yawa a ƙauyukanmu, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce ita kaɗai zai gyara zai yi zaman jira. Amma wayar hannu tana aljihun kusan kowa, ga na'urar POS a kasuwa, ga batir da faifan sola a asibitin ƙauye da makaranta. Tushen wutar duka ɗaya ne. A zaɓi makarantar da take haɗa gyaran waya da aikin sola a cikin kwas ɗinta. Kafin ma'aji ya fitar da kuɗin, a rubuta yarjejeniya a littafin ƙungiya: wata nawa yaron zai yi, yaushe zai fara biya, kuma shekara nawa zai riƙa duba kwamfutar ƙungiya da wayoyin membobi a kan rangwame.