3.4 Ɗafa-Goshin "Poly-": Ma'anarsa da Yadda Ake Amfani da Shi

Wannan ɗafa-goshi ya shigo Ingilishi ne daga kalmar Girkanci polus, wadda ke nufin "mai yawa". Ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an liƙa shi a gaban saiwa, kuma galibi saiwar ita ma 'yar asalin Girkanci ce. Idan saiwar ta Latinanci ce, an fi amfani da takwaransa multi-, kamar a kalmar multilingual. Dubi waɗannan misalai:

1. polyglot: mai jin harsuna da yawa
2. polygon: siffa mai kusurwa uku ko fiye
3. polysyllable: kalma mai gaɓa da yawa, galibi uku ko fiye
4. polysemy: kasancewar kalma ɗaya da ma'ana fiye da ɗaya
5. polygamy: auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda

Idan aka lura da waɗannan misalai, za a ga cewa yawan da ake nufi ba shi da ƙayyadadden adadi. A misali na 2 daga uku ya fara, amma a na 4 da na 5 biyu ma sun wadatar. Hausa kuwa, duk da cewa tana da ɗafa-goshi irin su ba- a Bakano da ma- a makaranta, ba ta da wanda ke nuna yawa. Saboda haka dole mai fassara ya zaɓi tsakanin "da yawa" da "fiye da ɗaya" gwargwadon abin da kalmar ta ƙunsa.

Misali na 5 ya isa shaida. An saba fassara polygamy da "auren mace fiye da ɗaya", alhali kalmar da ta keɓanta da wannan ma'ana ita ce polygyny. Ita polygamy ta haɗa har da polyandry, wato mace ɗaya ta auri maza da yawa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai fassara littafin shari'a ko na nazarin al'adu.

Haka kuma, ba kowace kalma mai farawa da irin wannan sauti ce ke ɗauke da ɗafin ba. Police da politics sun samo asali daga polis, wato birni, yayin da polio ta fito daga polios, wato launin toka. Don haka wajibi ne a raba kalma da saiwarta tukuna kafin a yanke hukunci a kan ma'anarta.