Amfanin Sanin Halin Abubuwa

Kowane abu da Allah ya halitta a bayan ƙasa yana da nasa hali, kamar yadda kowane ɗan Adam ke da nasa. Wani mai nauyi ne, wani sakayau. Wani yana narkewa a ruwa nan da nan, wani ko ya shekara a ciki yana nan yadda yake. Dalma wuta kaɗan ta ishe ta ta zama ruwa, baƙin ƙarfe kuwa sai maƙeri ya sha wuya da zuga-zugi kafin ya ko yi laushi. Waɗansu daga cikinmu su kan yi gunaguni in an shiga wannan darasi, su ce me sanin halin dalma zai ƙara wa wanda koyar da yara zai yi a ƙauye? To, ga amsarmu.

Mu fara da randa. Kowa ya san ruwanta ya fi na tasa sanyi, amma ba kowa ya san dalili ba. Yumɓun da aka gasa yana da waɗansu 'yan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, shi kuwa ruwa ba ya bin iska sai ya ɗebi zafi daga abin da ya bari. Shi ya sa randa ta fi aiki da rani bisa ga damina. Wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, da ya lura da wannan, sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da ɗanyen tsumma. Tumatir da tattasai da ke ruɓewa cikin 'yan kwanaki suka riƙa kai wajen mako uku. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sai nauyi. In an auna mudu da mudu, kuza ta yi nauyin ruwa sau 7, zinariya sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Don haka mai wankin kuza a Jos ke juya ƙwarya cikin ruwa, yashi ya bi ruwa, kuza ta kwanta a gindi. Haka kuma ake tace zinariya.

Amma fa abu ba hali ɗaya gare shi ba, kuma sau da yawa wanda ido bai gani ba shi ne mai ɓarna. Masu haƙar zinariya a Zamfara sun san nauyinta sarai, ba mai koya musu. Abin da ba su sani ba, ashe dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Su kan kawo shi gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa kamar taki, rana ba ta kashe ta. Inda ta zuba nan za ta zauna shekara da shekaru. Yaro kuwa kome ya taɓa sai ya kai baki, kuma hanjinsa ya fi na babba tsotse ta, daga nan ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa.

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce. Yaran da suka rasu sun haura 400, dubbai kuma aka yi wa magani, waɗansu suka rayu da naƙasa. Maganin ma kansa sai da ya bi halin dalma, gama banza ne a wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta cuce shi. Tilas aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama, ana zuba sabuwa. Mutanen Bagega sai 2013 aka yi musu wannan aiki, jinkirin da a ganinmu ba shi da uzuri. A 2015 kuma irin wannan ta sake aukuwa a jihar Neja.

Abin da ake bukatar mutane su sani bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. A niƙa dutse nesa da gari, a jiƙa shi kafin niƙa don ƙura ta kwanta, mai aiki ya yi wanka ya sake tufa kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. A ƙauye da yawa malamin makaranta shi ne mutum na fari da zai iya bayyana dalilin wannan, in shi kansa ya sani.

Kada kuma mu ce abin na masu haƙa ne kaɗai. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, galibinsa dalma ce haɗe da farar wuta, ga shi kuwa har jarirai ake ranɓaɗa wa tun kafin ranar suna.