Kafin Ku Buɗe Shafin Sayar da Amfanin Gona a Intanet, Ku Duba Aikin Dillali

Ɗan'uwa manomi, idan ka taɓa kai tumatir Kwanar Gafan a lokacin da kaya suka yi yawa, ka san yadda abin yake. Ka riga ka tsinke, rana na dukan kwando, dillali ya yanka farashi, kai kuma ba ka da ta cewa domin tumatir ba ya jira. Washegari wannan kwandon yana 'Yan Kaba, ko bayan kwana biyu yana Mile 12 a Legas, ana sayar da shi kashi-kashi a kan kuɗin da in ka ji sai ranka ya ɓaci.

Shi ya sa yanzu za ka ji matasa da ƙungiyoyin manoma suna cewa a buɗe shafi ko manhaja da za ta haɗa manomi da mai ci kai tsaye. Shawara ce mai kyau, kuma ba yau aka fara ba. Tun a shekarun 1970 matan aure a Japan suka riƙa ƙulla yarjejeniya da manoma, su biya, a kawo musu abincin da suka san yadda aka noma shi. A 2012 aka fara Open Food Network a Ostireliya, manhajar da ƙungiyoyin manoma ke buɗe shagonsu a kai. To amma fa shafin shi ne abu mafi sauƙi a cikin lamarin. Yaro mai ilimin kwamfuta zai haɗa maka shi. Wahalar tana can wajen aikin da dillali yake yi wanda ba mu cika lissafawa ba.

Dillali ne yake tara kayan mutum goma su cika mota. Shi yake biya nan take, wani lokaci ma shi ya ba ka bashin taki tun farkon shuka. In mota ta lalace a hanya kaya suka ruɓe, shi da ɗan kasuwa ne da asara. Duk shafin da ya cire dillali bai tanadi mai yin waɗannan ba, ɗora maka kayan ya yi.

Ka fara da awo. Kwanon wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kwando kuma wani a cika shi da tozo, wani a shafe. Mai saye da ke kallon hoto a waya ba zai iya ɗagawa ya ji nauyi ba. Don haka ƙungiyarku ta sayi sikeli, a sa farashi a kan kilo, a ware manya da ƙanana, masu tabo kuma a faɗa. Wanda ka ɗora wa masu kyau a sama ka ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ba zai sake waiwayarka ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa.

Amfanin shafi mafi girma, a ganina, shi ne a saya kafin ka tsinke. Misali a karɓi oda daga Litinin zuwa Laraba, a tsinke Alhamis da sassafe, a kai Juma'a. Ka ga ke nan abin da aka nema kaɗai za ka cire, sauran yana jikin uwarsa. Bayan 'yan watanni littafin odar zai nuna muku abin da mutane ke ci a kowane mako, sai ku raba shuka tsakaninku maimakon kowa ya dasa rana ɗaya, ya nuna rana ɗaya, farashi ya faɗi. Kuma da yake gida ba tumatir kaɗai yake ci ba, za a nemi alayyahu, kuɓewa, zogale da wake. Wannan kan sa manomi ya riƙa sauya shuka da haɗa ta, ƙasa ta samu hutu, wake da gyaɗa su ƙara mata ƙarfi.

Kwandon kaba yana matse na ƙasa idan an jera. Kireti na roba ya fi, sai dai a tsara yadda za a dawo da shi, in ba haka ba cikin wata guda kun nema kun rasa.

Sai maganar gaskiya a kan magani. Masu saye a birni sun tsorata da waken da ake zuba wa Sniper a ajiya, kuma saboda wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015. Idan naka a buhun PICS mai hawa uku ka adana shi ba magani, rubuta haka a shafin, akwai masu ƙara kuɗi a kai. Idan kuwa ka yi feshi, kar ka ce ba ka yi ba. Faɗi sunan maganin da ranar, ka kuma kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin tsinka.

Kuɗi kuwa su shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, a riƙe har kaya su isa, sannan a biya manomi a ranar, ba sai wani mako ba. Kar a saki kaya don an ga saƙon alat kawai, a duba asusu tukuna.

Ba kowane manomi ke da babbar waya ba, ba kowa ke karatun boko ba. A sa wakili ɗaya a kowane ƙauye mai ɗaukar hoto da shigar da kaya, a bar mutane su turo saƙon murya da Hausa, shafin kuma ya zama mara nauyi don kar ya cinye data. Ni dai da ni ne, ba zan biya kuɗin manhaja ba sai mun gwada kaka ɗaya da zauren WhatsApp da littafi. Ku nemi masu abincin sayarwa biyar da unguwa ɗaya da za a sauke kaya a ƙofar shago guda, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Kai wa kowane gida kilo biyu a babur zai cinye ribar tun kafin ta zo hannunku.