Zazzaɓin Inji a Tsakiyar Hunturu

Sanin kowa ne cewa mota takan ɗauki zafi a watan Afrilu, lokacin da kwalta kanta ke narkewa. Abin da ke ɗaure wa direbobi kai shi ne tsohuwar babbar mota da za ta tafasa ruwa da sanyin asuba a watan Janairu. A ɗauki misalin Mercedes 911 da ta yi lodin tumatir a Kadawa za ta Legas. Ta yi kwana huɗu lafiya lau; a rana ta biyar, ba ta kai Zariya ba sai allurar ma'aunin zafi ta haura ja, can kuma ta sauko da kanta. An kai ta gareji, bakanike ya tayar da inji ya bar shi yana aiki awa guda, bai ga komai ba. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa.

Da farko ya kamata a gane cewa zafin inji daga cikinsa yake fitowa. Idan man dizal ya ƙone, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne ke juya ƙafafun mota. Kusan kashi ɗaya ya bi salansa, ragowar kuma ruwa ne zai kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin jikin inji, ya ɗebo zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto, inda iska ke shanye zafin, sannan ya komo ta tiyon ƙasa. Ɗalibin ilimin halittu zai ga kama da jikinsa: famfo a matsayin zuciya, ruwa a matsayin jini, lagireto a matsayin fata. Kamar yadda jikin mutum ke tsayawa kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, haka inji ke son ya zauna tsakanin digiri 80 da 95. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan yi zafi rau a daren da kowa ke jin ɗari. Haka inji yake: idan zagayen ruwa ya tsaya, sanyin gari ba zai cece shi ba.

Mai tsaron wannan zagaye wata 'yar ƙofa ce da ake kira tamostat, wadda ke zaune a bakin tiyon sama. A cikinta akwai kaki da aka rufe a ƙaramin kwanson ƙarfe. Muddin inji na da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagayawa a cikin inji kawai domin ya yi saurin ɗumi. Da zafi ya kai wajen digiri 80, sai kakin ya narke, ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. A lokacin bazara takan buɗe da wuri ta wuni a buɗe, don haka aibinta ba ya bayyana. A hunturu kuwa takan kwana a rufe cikin sanyi, ta wuni tana ɗan buɗewa tana rufewa. Idan tsatsa ta kama ta, wata rana za ta maƙale, wata rana ta buɗe lafiya. Alamarta a fili take ga mai lura: ba a daɗe da tashi ba allura ta haura, inji ya yi zafi, amma tiyon sama bai ko yi ɗumi ba, jim kaɗan allurar ta faɗo gaba ɗaya, wato ƙofar ta kuɓuce.

Gwajinta abu ne da za a iya yi a ɗakin gwaje-gwajen kowace sakandare. A rataye tamostat da zare a cikin tukunyar ruwa, kada ta taɓa gindin tukunyar, a saka ma'aunin zafi, a ɗora a wuta. Adadin digirin da ya kamata ta fara buɗewa yawanci a rubuce yake a jikinta. A maimaita gwajin sau uku ko huɗu, ana barinta ta huce sarai tsakanin kowane gwaji, domin cutar da ke zuwa jefi-jefi ba a kama ta da dubawa ɗaya.

A nan ne da yawa daga cikin bakanikai ke yin kuskure. Sukan cire tamostat su jefar, su ce kayan ƙasar sanyi ne. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai yi ɗumi ba da safe, ya sha mai fiye da kima, ya yi hayaƙi, fistin da silinda su yi saurin cinyewa. A wasu injuna ma tamostat ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire ta, wani ɓangare na ruwan zai riƙa bin wannan hanya, zafin da ake gudu ya ƙaru. Sabuwar tamostat ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba.

Amma ba kullum laifin tamostat ba ne, kuma babban makamin mai bincike shi ne tambayar yaushe abin ke faruwa. Idan sai an ɗauki lodi ana hawa tudu, to a tuhumi lagireto. Iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, kuma wannan ƙura idan ta haɗu da maiƙo sai ta zama laka ta toshe ƙananan ramukan da iska ke bi. Ta ciki kuma, ruwan rijiya mai yawan sinadarin kalsiyam yana barin farin ɓawo irin wanda ake gani a butar mai shayi. A kashe inji a shafa fuskar lagireto a hankali: inda aka ji sanyi a tsakiyar ɗumi, nan ruwa ba ya bi. Kada kuma a manta da kwalin da wasu direbobi ke rufe gaban lagireto da shi da asuba. A Kano daren Janairu yakan sauko kusa da digiri 13, amma da azahar zafi ya kusa 30, kwali kuwa yana nan.

Idan kuma sai a cunkoson gari ne allura ke hawa, ta sauko da zarar an hau titi, to iska ce ba ta isa ba: a duba fanka da fambel.

Akwai kuma ruwan da ke ɓata ba a ga digonsa ba. Tsohon tiyo yakan takure da sanyin dare ya ɗan yi yoyo a mahaɗarsa, da ya yi ɗumi ya toshe kansa. Iska ta maye gurbin ruwan, famfo kuma ba ya tura iska. Kwali busasshe da aka shimfiɗa ƙarƙashin mota da dare zai tona asirin da safe. Murfin lagireto shi ma ba murfi ne kawai ba. Sifirin da ke cikinsa yana riƙe matsi, matsi kuma yana ɗaga matakin tafasa: matsin ba ɗaya yana kai shi kusa da digiri 120, maimakon 100. Idan robar murfin ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri, balle a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, inda ruwan tukunya ke tafasa a wajen digiri 96.

A Turai da Arewacin Amurka akwai wani dalili na daban. Ruwa zalla yakan daskare a cikin lagireto, ƙanƙara ta toshe hanya, inji ya tafasa alhali dusar ƙanƙara na zuba. Shi ya sa suke gauraya shi rabi da rabi da sinadarin etilin gilaikol, wanda ke hana daskarewa har zuwa digiri 37 ƙasa da sifiri. Ruwan lagireto na kanti yana da amfani ko inda ba a ƙanƙara, saboda maganin tsatsa da ke cikinsa. Sai dai yana da zaƙi kuma guba ne mai lalata ƙoda, don haka a nisanta shi da yara da dabbobi.

Mafi muni shi ne ƙonewar gaskit da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Ƙaramar tsaga takan bar iskar ƙuna ta kutsa cikin ruwa, musamman idan inji na jan nauyi. Alamominta su ne kumfa mai tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, da farin hayaƙi. Farin tururi daga salansa da sanyin safe ba komai ba ne. Wanda ya ci gaba bayan inji ya yi ɗumi shi ne abin tsoro. Kafin a kai ga kwance inji, a tabbatar allurar kanta ba ƙarya take yi ba, domin waya mai sako-sako takan sa ta rawa. Ma'aunin zafi na hannu, wanda ake haskawa daga nesa, zai raba gardama.

Idan abin ya faru a hanya, direba ya sauka gefe, ya jira aƙalla rabin awa kafin yaron mota ya taɓa murfi, kuma da tsumma mai kauri, a juya shi kaɗan matsi ya fita tukuna. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan zama tururi nan take ya sale fuska da hannu. Ruwan sanyi kuma ba a kwara shi cikin inji mai tafasa, domin ƙarfen da ya takure farat ɗaya yana iya tsagewa. Bayan ya huce, a tayar da shi, a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan yana aiki.