Batirin Litiyam Ba Ya Shan Ruwa, Amma Ba Ya Jure Zafi

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sai mutum ya yi shawara da aljihunsa kafin ya ja igiyar janareta. Wutar Kaduna Electric kuwa, wadda har gobe muke ce wa NEPA, kowa a Zuru ya san halinta. Shi ya sa farantan sola suka bazu a kan rufin gidaje da shaguna, daga cikin gari har Dabai, Mahuta, Ribah da Dirin Daji. Mai cajin waya, mai kemis, mai sayar da ruwan sanyi, duk wanda ya ɗan samu hali yanzu litiyam yake nema, ya daina waiwayar tsohon batir mai ruwa.

Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, wannan ba ruwansa da kulawa, ka ɗaura ka manta." Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Ba a ƙara masa ruwa, ba ya warin asid, kuma kana iya shan kashi 80 cikin ɗari na cajinsa, alhali tsohon batir da ka wuce rabi ka fara rage masa kwana. Mantawar ce ban yarda da ita ba.

Babban abokin gabarsa a ƙasarmu zafi ne. Da dama daga cikin kamfanonin da ke ƙera shi sun hana a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45. To, a watan Maris da Afrilu zafin waje kan kai digiri 40, balle cikin ɗakin kwano marar silin da ƙarfe biyu na rana. Kuma daidai wannan lokaci ne farantan ke tura masa wuta mafi yawa. Ina muke ajiye shi? A sito marar taga, kusa da buhunan dawa, ko a lungun shagon kwantena, wani ma har ya lulluɓe shi da tsohon zane wai kada ƙurar hunturu ta hau shi. Ba rana ɗaya zafi ke kashe shi ba. A hankali yake cin ƙarfinsa, sai batirin da ke kai ka asuba ya koma sallamarka da tsakar dare, ka hau zagin mai shago. A nema masa ɗakin da ya fi sanyi a gidan, mai taga, inda rana ba ta dukan bango da yamma. A ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina, a bar tazara a gefensa iska ta ratsa, a nisanta shi da murhu, jarkar fetur da katifa. Ƙura kuwa busasshen tsumma ya ishe ta.

Sai maganar inbata. Mutane da dama batir kawai suke canzawa, su bar inbata a kan saitin tsohon. Wannan saiti yana da wani caji mai ƙarfi da ake yi wa batir mai ruwa lokaci-lokaci, wanda litiyam ba ya buƙata, cutar da shi ma yake yi. Irin wanda aka fi sawa a gidaje, mai rubutun LiFePO4 da 51.2V a jikinsa, ƙwayoyi 16 ne a ciki, kuma cajinsa bai kamata ya wuce 58.4V ba. Ka tsaya a kan mai haɗawa ya buɗe takardar batirin, ya saita a gabanka. Kada ka yarda a jona shi layi ɗaya da tsohon batir don "a ƙara ƙarfi".

A cikin batirin litiyam akwai wani ɗan allo da ake kira BMS, shi ne mai gadi. Idan zafi ya yi yawa, ko caji ya wuce kima, ko kaya sun fi ƙarfinsa, sai ya yanke wuta. Akwai masu gyaran da idan batir ya yi ta yankewa, maimakon su binciki dalili, sai su tsallake allon da waya. Duk wanda ya kawo maka wannan dabara, ka biya shi kuɗin mashin ya koma gida.

Ba sai ya mutu murus ake yi masa caji ba. A manyan rumbunan kamfanoni, inda motocin ɗaga kaya ke aiki da irin wannan batir, direba kan jona caji a ɗan lokacin hutun cin abinci, batirin kuma bai damu ba. Abin da ba ya so shi ne a bar shi fanko na tsawon makonni. In za ka rufe gida ka yi doguwar tafiya, bar shi da kamar rabin caji, ka kashe makunninsa.

Wajen saye, a ɗaga a ji. Na gaskiya mai 51.2V da 100Ah yakan haura kilo 40. In yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, to akwai magana. Ana tattara tsofaffin ƙwayoyi a zuba a sabon akwati mai sheƙi.

Gobararsa ba ta cika faruwa ba, musamman irin na LiFePO4, amma in ta tashi ba ta da kyau. Kamfani kamar Samsung ma sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batir na kamawa da wuta. Alamun haɗarin su ne kumburi, zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko ƙara kamar iska na fita daga taya. Da ka ga ɗaya, kashe inbata da layin farantai. In hayaƙi ya fara, fitar da kowa, don hayaƙin guba ne, ka kira 'yan kwana-kwana. Wutar na iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Saboda haka ne ba a girka shi a bakin ƙofar da iyali za su bi su fita.

Haka ƙananan na waya suke. Kada a kwana da waya tana caji ƙarƙashin matashi. Wanda ya kumbura kada a soka masa allura wai a sace iskar, kuma kada a jefa shi a bola inda yara ke cinna wa shara wuta. A rufe bakinsa da salatif, a sa shi a gwangwani mai yashi nesa da ɗaki, a mayar wa mai shagon da ya sayar.