Lulluɓe Ƙasa da Ciyawa a Noman Kayan Lambu na Damina

Gabatarwa

Manoma da yawa sun ɗauka lulluɓe ƙasa aikin noman rani ne kawai, don a tattala ruwan ban-ruwa. Amma da damina ma ƙasar da aka bari a buɗe tana jawo asara. Ruwan sama mai ƙarfi yana dukan ta, ya kwashe taki, sannan ya fantsama laka a kan ganyen tumatir da barkono. A cikin wannan laka akwai ƙwayoyin cutar da ke ƙona ganye da ruɓar da 'ya'ya. Lulluɓi shi ne garkuwar ƙasa daga wannan duka.

Amfaninsa

1. Yana rage zaizayar ƙasa. Binciken Cibiyar IITA da ke Ibadan a shekarun 1970 ya nuna cewa tan 4 zuwa 6 na busasshiyar ciyawa a kowace hekta suna rage zaizaya ƙwarai.
2. Yana riƙe laima idan ruwa ya ɗauke, kamar ɗan farin da ake samu a kudancin ƙasar nan daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta.
3. Yana danne haki, don haka yawan shema yana raguwa.
4. Yana hana tumatir, kokwamba da kankana kwanciya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.
5. Idan ya ruɓe yakan zama taki.

Kayan da za ka yi amfani da su

Ciyawar shinkafa bayan sussuka, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, karan masara ko na dawa da aka daddatsa, da busasshiyar gamba da aka yanka kafin ta yi iri. Kada ka yi amfani da ciyawa mai iri, domin haki za ka shuka da hannunka. Haka kuma kada ka mayar da karan tumatir ko barkono mai cuta cikin gona.

Yadda ake yi

- Ka yi kunya ko fangali mai tudu domin ruwa ya riƙa zurarewa.
- Ka jira mako 2 zuwa 3 bayan dashe, dashen ya kama. Kuɓewa da kabewa kuwa sai sun tsiro sun yi ganye huɗu.
- Ka fara yin shema, ka sa taki ka rufe shi, sannan ka shimfiɗa ciyawar ƙasa tana da laima.
- Kaurin shimfiɗar ya kai santimita 5 zuwa 8, wato kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Wadda ba ta kai haka ba za ta tare zaizaya, amma haki zai keto ta.
- Ka bar tazarar santimita 5 kewaye da gindin kowace shuka. Ciyawar da ta manne wa kara tana ruɓar da shi.

Abin lura

A ƙasar laka ko fadamar da ruwa ke kwanciya, lulluɓi mai kauri yana hana ƙasa tsanewa, saiwa ta ruɓe. A irin wannan wuri ka rage kauri, kuma idan an jera kwanaki ana ruwa ka janye ciyawar gefe har ƙasa ta sha iska.

Ka riƙa ɗaga shimfiɗar sau ɗaya a mako domin duba gara, gyare da dodon koɗi. Idan garin katako za ka sa, ka bar shi a sama, kada ka cuɗanya shi da ƙasa, domin wajen ruɓewa yana janye sinadarin naitirojin har ganye ya yi rawaya. Wanda ya yi amfani da baƙar leda, ya tattare ta bayan girbi, kada ya ƙone ta a gona.

Ga malaman gona

Ku ware kunya biyu a gonar gwaji, ɗaya da lulluɓi ɗaya babu. Ku gayyaci manoma washegarin ruwa mai ƙarfi su duba ganyen ƙasa-ƙasa, sannan su sake dawowa bayan kwana biyar ba ruwa su taɓa ƙasar da hannunsu. Ku kuma shawarce su da su tanadi ciyawar lulluɓi tun lokacin kaka, kafin wutar daji da dabbobi su cinye ta.