Zangunan Venis a Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Venis birni ne a arewa maso gabashin Italiya, a tsakiyar ruwa aka gina shi, ba shi da gonar kirki. A da, fatauci ne abincinsa. Jiragensa kan je Iskandariya da Beirut su sayo masoro da kirfa da kanumfari, su sayar wa Turai da riba mai tsoka.

Matsalar ita ce jirgin kansa. Na filafili ne, matuƙa fiye da ɗari suna zufa a ciki, kwana kaɗan ruwan sha ya ƙare. Dole a riƙa tsayawa, kamar yadda ayarin fatake ba ya tafiya sai da zango. Saboda haka Venis ba ta cika damuwa da mallakar daji da ƙauyuka a kan wannan hanya ba. Tashar jirage take so, da rijiya, da ganuwa. Wannan jerin garuruwa su ake kira Stato da Mar, wato daular teku.

Babban rabonta ya zo a 1204, bayan mayaƙan Kiristocin Yamma sun wawashe Konstantinoful, Istanbul ta yau. Daga nan ta samu tsibirin Kirit, da Modon da Koron a kudancin Girka. Waɗannan biyun ana ce musu idanun jamhuriya, wato Venis, domin jirgin da ya fito daga gabas sai ya gilma ta gabansu. Wasu wuraren ma da kuɗi ta saye su: a 1409 ta biya Sarki Ladislaus na Naples dukat 100,000 na zinariya don Zadar da haƙƙinsa a kan gaɓar Dalmeshiya, a Kuroshiya ta yanzu. Ciniki ne na 'yan kasuwa, ba wanda ya tambayi mutanen garin. Kubrus kuwa ta shigo hannu a 1489, da aka matsa wa Sarauniya Katerina Kornaro ta sauka.

Turkawan Usmaniyya ne suka riƙa tsinke zangunan nan ɗaya bayan ɗaya. Modon ta faɗi a 1500, Kubrus a 1571. Birnin Kandiya na Kirit ya jure ƙawanya shekara 21 kafin ya miƙa wuya a 1669. Tsibirin Korfu kuwa bai taɓa faɗa wa Turkawa ba, yana hannun Venis har Napoleon ya rusa jamhuriyar a 1797. Wanda ya je Zadar yau zai ga zaki mai fukafukai, tambarin Venis, a sassaƙe a saman ƙofar gari.